Ruff: mai gyaran kurakuran Python ta koyi taka tsantsan

Masu rubuta manhajoji da harshen Python sun daɗe suna dogara da Flake8 da isort wajen tace aikinsu. A 2022 Charlie Marsh ya fito da Ruff, wadda aka rubuta da harshen Rust, ta haɗa ayyukan nan wuri guda, ga kuma sauri.

Sai dai Ruff ba nuna kuskure kaɗai take yi ba, tana gyarawa da kanta, kuma nan haɗarin yake. Wani gyaran yakan sa rubutu ya yi tsaf a ido, alhali ya sauya aikin manhajar. Misali, in ta canza hanyar ɗauko abu na farko a jeri, jerin da babu komai cikinsa zai haifar da kuskure dabam da wanda mai rubutun ya yi wa tanadi. Manhaja sai ta tsaya cak a hannun mai amfani da ita.

Shi ya sa a sigar 0.1.0, cikin Oktoban 2023, kamfanin Astral ya raba gyare-gyaren gida biyu. Marasa haɗari suna tafiya kamar da, sauran kuwa sai mutum ya nema da kansa da umarnin --unsafe-fixes.