Al'adun Tafiya da Zumunta a Tsallaken Kogin Kaduna

Kogin Kaduna ya raba garin Kaduna gida biyu. A kudancinsa ne ake da Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi da Talabijin da Sabon Tasha, har zuwa Gonin Gora. Masaƙun Kakuri, da ta farkonsu ta fara aiki a 1957, da kamfanin haɗa motocin Peugeot da matatar mai, su suka jawo jama'a daga ko'ina: Bajju da Atyap da Ham da Adara da Ibo da Yarbawa da Hausawa, suka tarar da Gbagyi a ƙasarsu. Hausa ce harshen kasuwa da tasha, har da wa'azin coci da dama.

Rikicin shari'a na 2000 da tarzomar 2002 sun sauya zaman garin. Kiristoci da yawa suka koma kudu, Musulmi suka koma arewa, maƙwabtan da suka yi shekaru suna ɗebo ruwa a famfo ɗaya suka wayi gari sai sun haye gada kafin su gaisa. Daga baya masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar Abuja da ta Kachia, waɗanda duk ta nan kudu suke fita. Tafiya dai ba ta fasu ba, domin akwai biki, akwai jana'iza, akwai neman abinci. Sai jama'a suka ɗauko tsofaffin al'adun tafiya suka yi musu kwaskwarima.

Ta farko ita ce tambayar hanya. Tun daren jajibiri matafiyi zai kira wanda ya biyo hanyar a ranar, ko direban da ya saba da shi, ya ce, "Malam, yaya hanya?" In ya ji "lafiya lau," sai ya haɗa kaya. In kuwa aka ce "a ɗan dakata," ba ya neman dogon bayani. Rigakafi ya fi magani. Ba a kuma shelar tafiya kamar da. Mutanen gida da amini ɗaya ko biyu kaɗai ke sanin rana da lokaci. Ana yin sammako, amma ba na duhun asuba ba, kuma kowa na ƙoƙarin ya sauka kafin faɗuwar rana.

A tashar Talabijin ko ta Sabon Tasha, bayan an biya kuɗin mota, ɗan kamasho zai miƙo takarda kowa ya rubuta sunansa da lambar wani nasa da za a kira. Kafin direba ya tayar da mota, sau da yawa wani mai wa'azi kan leƙo ta taga ya yi addu'a, fasinjoji su amsa da amin. Musulmin da ke ciki yana karanta addu'ar tafiya a zuciyarsa, carbi a hannu. Kalmar rabuwa ɗaya ce a bakin kowa: "Allah ya kiyaye hanya, a sauka lafiya." Guzuri bai wuce burodi da ruwan leda da gyaɗa ba, sai kuma wayar da aka cika da caji. Wasu kan bar babbar waya a gida su ɗauki 'yar ƙarama mai tocila.

A kan hanya, hira ce maganin fargaba. Wanda ya ɓare gyaɗa zai miƙa wa na kusa da shi ba tare da tambayar addininsa ba. Idon direba kuwa yana kan motocin da ke tahowa: muddin suna wucewa, hankali a kwance yake. In hanya ta yi tsit, ko wani ya kunna masa fitila ya yi nuni da hannu, sai ya gangara ƙauye mafi kusa a jira. Masu zuwa Abuja sun san wuraren da ake aika saƙo gida: "Mun wuce Rijana," "Mun wuce Katari," "Ga mu a Jere." Wanda ba shi da kati sai ya yi filashin, an san ma'anarsa. Jama'a sun ƙara sanin darajar wannan a ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna, sai saƙo ya koma bakin direbobi kamar zamanin da. Harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja ranar 28 ga Maris, 2022 ya nuna cewa babu hanyar da ta fi ƙarfin addu'a da taka-tsantsan.

Babbar al'adar ita ce riƙe aboki a ɗaya tsallaken. Mutumin Narayi yana da amini a Tudun Wada, ɗan Rigasa yana da nasa a Unguwan Romi. In gari ya ɗauki zafi, kamar a watan Oktoban 2018 da aka sa dokar hana fita bayan rikicin Kasuwan Magani, waɗannan ne ke kiran juna: "Ɗan'uwa, kada ka hayo yau," ko "Kana ina? Tsaya nan, ga ni nan zuwa." A lokacin lafiya ake ciyar da wannan amana. Naman Sallah na haye gada zuwa kudu, shinkafa da cincin na Kirsimeti su haye zuwa arewa. A Sabon Tasha, Musulmi kan kai ziyarar Kirsimeti cocin Fasto Yohanna Buru, shi ma yakan halarci Mauludi. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, da suka taɓa zama abokan gaba, tun 1995 suke aikin sulhu tare.

Idan matafiyi ya dawo, maƙwabta za su shigo barka da sauka, yara su karɓi tsaraba, ko da doya ce ko citta daga Kachia, shi kuma ya zama wanda za a kira gobe a tambaye shi hanya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mai karatu, in kana da aboki a tsallaken kogi, kada ka jira ranar tashin hankali kafin ka nemi lambarsa. Ka kira shi, ka kuma taka ka je ku gaisa.