Idan Kare Ya Ci Shinkafar Ɓera

Babu abin da ke yaudarar mai kare kamar ya ga karensa garau bayan ya ci guba. Wata shinkafar ɓeran da ake sayarwa a kasuwa ba ta kisa nan take. Aikinta hana jini daskarewa ne, ta hanyar ƙarar da sinadarin bitamin K a jiki, kuma alamarta ba ta bayyana sai bayan kwana 3 zuwa 5.

Na ga haka a gidan wani maƙwabcina mafarauci. Bayan girbi an zuba maganin a bayan buhunan masara, an cakuɗa shi da busasshen kifi don ya ja ɓera, sai karensa ya riga ɓeran. Washegari yana cin tuwonsa yana kaɗa wutsiya, kowa ya ce Allah ya kiyaye. Da ya kwanta daga baya, numfashi sama-sama, muka ɗaga leɓensa, dasashin ya yi fari fat. Jini ne ke zuba a cikinsa ba mu sani ba. Likitan dabbobi ya ceto shi da ƙyar, da bitamin K1, maganin da ake sha har mako 3 zuwa 4. Da an kai shi cikin awa biyun farko, da an sa shi amai, an ba shi gawayin asibiti mai tsotse guba, an huta.

Fiya-fiya da Sniper kuwa ba sa jira. Cikin ɗan lokaci miyau zai yi ta dalala, ƙwayar ido ta tsuke, jiki ya hau karkarwa. Wannan allurar atirofin yake buƙata, kuma a hannun likita take. Shi ya sa nake roƙon duk wanda abin ya samu ya tafi da kwalin ko kwalbar maganin, domin kowace guba da makarinta.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗuren manja da madara da ruwan gishiri. Da kyakkyawar niyya ake yi, amma manja kan sarƙe kare ya shiga huhu, gishiri mai yawa shi kansa guba ne. Akwai kuma baƙin garin maganin ɓera mai zinc phosphide, wanda abinci ko madara ke ƙara wa ƙarfi a ciki, har iskar aman karen kan cutar da mutumin da ke kusa. Irin wannan a fitar da karen fili.

A cikin gida ma akwai na kiyayewa: albasa, tafarnuwa, inabi, cakulan, farasitamol, har da goron da ake bari a faifai. Wanda ke kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, jami'o'in can suna da asibitin koyarwa na dabbobi. Wanda ke nesa ya nemi lambar likitan dabbobi mafi kusa tun yau, ya ajiye ta a waya.