Ɓacewar Tsuntsun Poc a Tafkin Atitlan da Makomar Sunansa

1.0 Gabatarwa

Wannan muƙala za ta yi bayani ne a kan yadda wani tsuntsun ruwa, mai suna poc, ya ƙare ƙaƙaf daga doron ƙasa, da kuma halin da sunansa ya shiga bayan ɓacewarsa.

2.0 Tsuntsun da Mazauninsa

Tafkin Atitlan yana cikin tsaunukan ƙasar Gwatamala, a Amurka ta Tsakiya, kuma mazauna gaɓarsa suna magana da harsunan Tz'utujil da Kaqchikel, na dangin Maya. A wannan tafki kaɗai ake samun poc, wanda masana ke kira Podilymbus gigas. Tsuntsu ne gwanin nutso, mai gajerun fukafukai, ta yadda ba ya iya tashi ya sauya mazauni. Abincinsa ƙananan kifaye da ƙaguwa, sheƙarsa kuwa cikin dogayen ciyayin gaɓa yake yin ta. Sunan nasa kwaikwayon kukansa ne.

3.0 Dalilan Ɓacewarsa

A shekarun 1958 da 1960 aka zuba wani baƙon kifi mai suna bas a tafkin, domin jawo masu kamun kifi na nishaɗi. Kifin ya cinye abincin poc, ya kuma riƙa haɗiye 'yan tsakinsa. Daga kimanin tsuntsaye 200 a 1960, yawansu ya faɗo zuwa kimanin 80 a 1965. Wata manazarciya Ba'amurkiya, Anne LaBastille, ta tashi tsaye har aka keɓe masa wurin kariya, yawansu ya farfaɗo zuwa kimanin 210 a 1973.

Sai dai girgizar ƙasa ta 1976 ta tsaga gindin tafkin, ruwa ya ja baya, ciyayin gaɓa suka bushe. Abin da ya saura kuwa, masu saƙar tabarma da masu gina gidajen hutu suka ci gaba da sarewa. Daɗin daɗawa, wani ɗan'uwansa ƙarami mai iya tashi ya mamaye tafkin, suka yi ta barbara har jinin poc ya gauraya. A 1983 saura 32 kacal, biyun ƙarshe kuwa a 1989 aka gan su.

4.0 Makomar Sunan

Suna irin wannan da kunne ake fahimtarsa. Wanda ya taɓa jin kukan tsuntsun ba ya bukatar a yi masa bayanin asalin kalmar. Wanda aka haifa bayan 1989 kuwa, sai dai ya karɓe ta a matsayin sauti kawai, domin abin da take kwaikwayo ya yi shiru. Kalmar tana nan a littattafai, ciki har da na LaBastille mai suna Mama Poc, na 1990, amma alaƙarta da ma'anarta ta yanke.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa ƙamus yana iya adana suna, amma sanin da ke tattare da sunan a bakin masunta da masu saran ciyawa yake. Ya kamata masu tattara kalmomin tsuntsaye a harsunanmu su riƙa ɗaukar kukan tsuntsu da bayanin mutanen gaɓa tare da sunan, tun mai sunan yana raye.