GARGAƊI GA MATA: Ƙaiƙayin Gaba da Ya Ƙi Jin Magani, a Kai Shi Asibiti

Iyayenmu mata da 'yan'uwa mata, a saurara. Duk wadda ƙaiƙayin gaba ya dame ta har ya wuce mako biyu, ko yake tafiya yana dawowa, ta daina sayen magani da ka a kemis, ta je asibiti a duba ta. Komai muka ji a wurin sai mu ce "sanyi" ne, alhali cututtuka ne iri-iri, kowace da maganinta. Shi ya sa mace take shekara tana haɗiyar ƙwayoyin abin da ba shi ke damunta ba.

Wanda aka fi sani shi ne kandida, mai zuwa da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo. Mata uku cikin huɗu sukan gamu da shi ko da sau ɗaya a rayuwa. To amma in yana dawowa sau uku ko huɗu a shekara, a gwada suga, don ciwon suga kan fara nuna kansa ta nan. Ruwa mai ƙarnin kifi kuwa wata cuta ce dabam. Akwai kuma wadda ake ɗauka ta saduwa, in ba a haɗa da maigida a magani ba, aikin banza aka yi. Mai wanka da wanki a rafi, dam ko fadamar noman rani, ta faɗa wa likita, domin tsargiya kan sauka a al'aura, kuma maganin sanyi ba ya taɓa ta.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce dattijuwar da ta daina haila, take susa cikin dare har bacci ya gagara, kunya ta hana ta faɗa wa ko 'yarta. In fatar wurin ta yi fari, ta yi laushi kamar takarda, tana tsagewa, ciwon fata ne da ke jin magani in an gano shi da wuri. In aka bar shi, yakan tsuke wurin, a wasu ƙalilan ma ya rikiɗe ya zama daji. Dajin gaba kansa sau da yawa da ƙaiƙayi kawai yake farawa. Ido ba ya raba su. Wani lokaci sai an ɗebi ɗan guntun fata an kai ɗakin gwaji.

Kafin ki je, ki ajiye Dettol, ruwan zafi da gishiri, bagaruwa, alif, tafarnuwa, miski da turaren tsuguno. Suna ƙona fata, suna kashe ƙwayoyin da Allah ya sa su tsare wurin. Man shafawar nan na kemis da ake ce wa uku-a-ɗaya yana kwantar da susa kwana biyu, amma yana cinye fata, yana ɓoye wa likita ainihin cutar. Tsarki da ruwa zalla, daga waje, ya wadatar.

Wadda ta ga gyambo, ƙullutu, ko jini bayan ta daina haila, da mai juna biyu, da mai zazzaɓi da ciwon mara, da uwar da ta ga ƙaramar 'yarta tana susa, kada su kai gobe ba su je asibiti ba. Ki nemi ma'aikaciya mace in kin fi sakewa da ita, ki tafi da kwalayen duk magungunan da kika sha, ki roƙi a yi miki gwajin ruwan gaba da na suga.

Magidanta, don Allah ku ba da izini da kuɗin mota, in likita ya ce ku zo, ku je.