Ramin Binne Shara da Ruwan da Muke Sha

A yawancin ƙauyukanmu, ramin da aka haƙi ƙasar gini shi ne yakan koma juji. Rami ne a shirye, ba sai an sha wahalar haƙa ba. Amma kududdufi wurin kwanciyar ruwa ne, ruwa kuwa shi ne babbar matsalar shara.

In ruwan sama ya sauka a kan tarin shara, yakan ratsa ta ya fito baƙi ƙirin, mai ɗoyi, ɗauke da duk abin da ya narke a ciki: gubar tsofaffin batura, ragowar maganin feshi, magungunan da suka lalace. Daga nan sai ya yi ta nutsewa cikin ƙasa a hankali, har ya tarar da ruwan da rijiyoyinmu suke ja. Jujin kakanninmu toka ce da kashin dabbobi da ɓawon gyaɗa, shi ya sa manomi yake kwasa ya kai gona. Na yau ba haka yake ba.

Saboda haka ramin binne shara na gaskiya, kusan dukan aikinsa raba shara da ruwa ne. Ana zaɓen wuri a tudu, nesa da rafi da fadama da rijiya. A daɓe gindin ramin da yumɓu mai kauri, in da hali a shimfiɗa roba mai ƙarfi a kai, a sa bututun da zai janye baƙin ruwan zuwa tafki na musamman. Kowace yamma a danne sharar ranar, a rufe ta da ƙasa kamar santimita 15. Wannan rufin na kullum shi ne ake fara yin watsi da shi in kuɗin man buldoza ya ƙare, alhali shi yake hana ƙudaje da ɓeraye da wari. Shara mai ruɓewa kuma tana fitar da iska mai kama wuta, don haka ake kafa bututun da za ta fita. In rami ya cika, sai a rufe shi da yumɓu, a yi masa tudu domin ruwa ya gangara, a shuka ciyawa.

An ga amfanin irin wannan rami a Zamfara. A shekarar 2010 aka gane cewa gubar dalma, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, tana kashe yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yara wajen 400 suka mutu. Magani kaɗai bai isa ba, gama yaron da aka yi wa jinya zai koma ya yi rarrafe a tsakar gidan nan mai guba. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, aka kawo sabuwa, aka kai mai gubar aka binne a ramukan da aka tanada. Bagega sai a 2013 aikin ya kai gare ta.

'Yan'uwa, garuruwa suna girma, sharar gari kuwa ƙauye ake nema a kai wa. In aka zo neman fili a wurinku, kada a tsaya a kan kuɗin diyya kaɗai. Ku tambayi nisan wurin daga rijiya mafi kusa, da inda ruwa yake bi da damina. Wa zai riƙa rufe sharar, kuma da wane kuɗi? Za a kawo sharar asibiti? Doka a Nijeriya tun 1992 ta bukaci a binciki illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, kuna da ikon neman ganin rahoton. Ku kuma nemi a gwada ruwan rijiyoyinku tun motar farko ba ta iso ba, a ba dagaci takardar sakamakon ya ajiye, domin a sami abin gwadawa da shi in ruwan ya sāke daga baya.