Muryar da Ta Dushe Hutu Take Nema

Duk wanda ya san harkar biki a Gwadangaji da Birnin Kebbi ya san yadda mawaƙi ke wayar gari bayan ya kwana yana waƙa: murya a dushe, yana ta gyaran maƙogwaro. Nan take za a ce sanyi ne ya kama shi, wani ma ya ce abokan hamayya ne suka yi masa sammu, sai a dafa citta da kanumfari a zuba zuma. Gaskiyar magana, rauni ne na aiki. A cikin maƙogwaro akwai wasu tantani guda biyu da ke bugun juna idan iska ta ratsa su, sau ɗari da wani abu a daƙiƙa ɗaya ga namiji, wajen ɗari biyu ga mace. In mutum ya ɗaga murya sama da kalangu da ƙarar janareta har asuba, sai su kumbura. In ya maimaita kafin kumburin ya saɓe, sai su yi kanta, irin wadda fartanya ke bari a tafin manomi. Ƙurar hunturu da zafin bazarar Kabi, wanda kan haura digiri 40, suna busar da su, hayaƙin sigari da ƙwannafi kuma suna ƙara cin su.

Ba a raina zuma da citta ba, suna sanyaya maƙoshi. Sai dai abin da aka haɗiye ta hanyar abinci yake wucewa, ba ya taɓa tantanin nan; da zai taɓa su, da mutum ya ƙware. Abin da ke kai musu sauƙi shi ne yawan shan ruwa, shaƙar tururi, da yin shiru. Raɗa ma wahalar da su take yi. Mafi haɗari shi ne ƙwayar saɓe kumburi da ake saya a kemis a haɗiya kafin hawa dandali, domin tana ɓoye ciwon ne yayin da ake ci gaba da fama shi.

Za a ce su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sani Ɗandawo na Yawuri sun shekara da shekaru suna waƙa, wa ya taɓa jin suna jinyar murya? A sake sauraron faifansu. Jagora kan ja ɗan waƙa ɗaya, 'yan amshi su karɓe, shi kuwa ya numfasa kafin ya dawo. Tsarin waƙar da kansa yana hutar da murya. Mawaƙin yau kuwa shi kaɗai ne da makirufo, ya tashi daga wurin kamu ya nufi gangamin siyasa, washegari yana Argungu. Za a kuma ce hutu a lokacin bukukuwa asarar kuɗi ce. Haka ne, amma Adele, mawaƙiyar Ingila, sai da ta soke wasanninta a 2011 aka yi mata tiyata bayan tantanin muryarta ya zubar da jini, asarar da ta fi ta hutun 'yan kwanaki nesa ba kusa ba.

Mawaƙi, mai bege ko ladan, duk wanda muryarsa ta dushe har mako uku ba ta dawo ba, ya nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, musamman in yana shan taba, domin da dushewar murya sankarar maƙogwaro kan fara.