Matan Matameye da aikin jam'iyyar gwamnati

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Matameye kafin shekarar 1991 ya san yadda gari yake kasancewa ranar da wani babba zai zo daga Damagaram ko daga Yamai. Tun da asuba an share fili, an cika randuna, an ɗora tukwane, mata sun jeru bakin hanya cikin zane iri ɗaya suna tafi suna guɗa. Sufurefe ne ya ba da umurni, sarki ya aika wa masu gari, amma wadda ta bi gida gida ta fito da matan nan ita ce shugabar mata ta unguwa ko ta ƙauye. Ba ta da albashi, ba ta da biro, sau da yawa ma sunanta bai shiga takarda ba. A kan aikin waɗannan mata za mu yi magana yau, da abin da suka samu a cikinsa.

Tun zamanin RDA

Matameye, wadda a yau ita ce babban garin gundumar Kance cikin jihar Damagaram, ƙasar gujiya ce a wancan lokaci. SONARA ke sayen amfanin gona, akwai kuma masana'antar tatsar mai a garin. Mata na noma gamanarsu, suna soya ƙuli-ƙuli, suna sayar da mai, suna zuba adashi. Watau tun kafin zuwan siyasa suna da hanyar tara kansu da tara kuɗinsu, suna kuma da shugabanni na gargajiya irin su magajiya.

A shekarar 1956 doka ta ba kowane baligi, namiji da mace, ikon jefa ƙuri'a. Nan da nan jam'iyyar RDA ta Jori Hamani da Sawaba ta Jibo Bakari suka gane cewa wanda ke son taro ya cika sai ya nemi mata. Da aka hana Sawaba a 1959, RDA ta zama ita kaɗai har zuwa 1974. Ƙarƙashin inuwarta ƙungiyar mata ta UFN ta yi aiki, malama Fatu Jibo na cikin waɗanda suka kafa ta, Aisa Jori uwargidan shugaban ƙasa kuwa tana mara mata baya.

Sai dai akwai cikas. A garuruwan Hausa, matan da suka fi samun halin fita taro da rana tsaka su ne masu zaman kansu, domin matar aure sai da yardar mijinta. Binciken tarihi da aka yi a Maraɗi ya nuna cewa wannan ya sa matan aure da yawa suka ja baya, suna gudun abin da za a ce. Ga shi kuma a dukan zamanin RDA ba mace ko ɗaya da ta shiga majalisar dokoki ko ta riƙe minista.

Zamanin Seni Kunce da AFN

Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki, aka rushe jam'iyya. A 1975, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa mata, aka kafa ƙungiyar matan Nijar, AFN, mai rassa daga Yamai har cikin gundumomi. A wannan karo an nemi matan aure, da malaman lakwal, da ma'aikatan likita, da hajiyoyi ƴan kasuwa, domin ƙungiya ta samu mutunci a idon magidanta.

Shugaba Seni Kunce ya gina tsarin raya ƙasa bisa ginshiƙai biyu, samariya da koperatif, tare da majalisun shawara tun daga ƙauye, zuwa kanto, zuwa gunduma, har majalisar ƙasa da aka kafa a 1983. Ta ƙofar AFN mata suka samu wakilci a wannan tsari. A ƙasar Matameye, inda aka gudanar da shirin gona na 3M tare da Mirya da Magarya, aikin bai zo musu baƙo ba, gama tun 1966 hukuma ta soma animasiyon mata a karkarar Nijar, ana koya wa ungozomai tsabtar karɓar haihuwa, ana koya wa uwaye kula da abincin yara.

Aikin shugabar mata shi ne ta roƙi mai gida ya bar iyalinsa su je ajin yaƙi da jahilci, ta tara mata ranar allurar rigakafi, ta karɓi kuɗin kati dala dala, ta raba faɗan kishiyoyi don kada ya ɓata taro. Ran 3 ga Agusta, ranar dashen itace, mata ke ɗauko ruwan ban shuka a ka. Bayan farin 1984, da hukuma ta yi kiran noman rani, sun shiga garake cikin kwarin Korama. Duk wannan, ladarsu ita ce a kira sunan ƙauyensu a wajen taro.

Jam'iyyar MNSD

Kunce ya rasu ran 10 ga Nuwamba 1987, Ali Saibu ya gaje shi. A cikin wannan shekara Hajiya Mumuni Aisata ta zama mace ta fari da ta shiga gwamnatin Nijar. A watan Mayu 1989 aka kafa MNSD, jam'iyya ɗaya tilo ta ƙasa, kuma rassan AFN suka zama hannunta wajen mata. Matan da suka saba tara jama'a domin rigakafi su ne suka tara su domin zaɓen 10 ga Disamba 1989. Cikin kujeru 93 na majalisar dokoki, mata suka samu biyar. Shi ne karo na fari, shekara 29 bayan samun mulkin kai. Ci gaba ne, babu shakka, amma in an auna shi da wahalar da aka sha, sai a tuna da maganar Hausawa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar 13 ga Mayu

A 1991, da aka naɗa kwamitin shirya babban taron ƙasa, mace ɗaya tak aka sa a ciki. Ran 13 ga Mayu dubban mata suka fito kan titunan Yamai, wannan karo ba domin tarbar kowa ba. Ba su koma gida ba sai da aka yarda za a ƙara mata biyar. Tun daga 1992 ranar ta zama ranar matan Nijar. Dabarar da suka koya cikin hidimar hukuma, ta bi gida gida da tara jama'a, ita ce suka yi amfani da ita domin neman hakkinsu.

Sauran ya biyo baya sannu a hankali. Dokar shekarar 2000 ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi. A 2014 aka kai na zaɓe kashi 15, a 2019 kuma aka kai shi 25, na naɗi 30. Da zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, mata suka zauna cikin majalisun komin na karkara. Wasu daga cikinsu sun fito ne daga asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a ƙasar Maraɗi a 1991 bisa tushen adashin gargajiya.

Abin da ya rage

RDA ta wuce, mulkin jam'iyya ɗaya ya wuce, a watan Maris 2025 kuma aka rushe dukan jam'iyyun siyasa na Nijar. Amma har yanzu a kowane ƙauye akwai macen da in ta yi kira mata ke fitowa. Ku ma'aikatan hukuma, idan kun je rangadi kun tarar da fili a cike, ku tambaya wa ta cika shi, ku zaunar da ita inda ake yanke shawara, ku ji ta bakinta kan rijiya da injin niƙa da ɗakin haihuwa, gama mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ku kuma ƴan uwa da kuka gama ajin yaƙi da jahilci, tsofaffin shugabannin matan nan da suka rage suna nan cikin gidajenku. Ku zauna da su, ku rubuta sunayensu da abin da suka gani tun suna da rai. Allah ya saka musu da alheri, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka.